Hoton da Aka Rataye a Shagon Balarabe

A Talata Mafara in ka tambayi gidan Muttaka Hashimu, sai an tsaya ana 'yan tunane-tunane. In ka ce Malam Mai Dala kuwa, ko mai rake na bakin tasha zai miƙa hannu ya nuna maka layin. Bawan Allahn nan bai taɓa riƙe dalar Amurka ko ɗaya ba, bai taɓa hawa jirgi ba, iyakar tafiyarsa Abuja, ita ma jarrabawa ce ta kai shi. Amma mutanenmu gwanaye ne wajen laƙaba wa mutum suna, kuma in sun laƙaba ba sa waiwayowa su ga abin da sunan ya yi masa.

Ɗan Damaga ne, cikin ƙasar Maradun. Mahaifinsa Malam Hashimu manomi ne, yana da gonar damina a bayan gari da wani ɗan fili a cikin noman rani na Bakolori, inda yake shinkafa. Muttaka ya yi firamare a gida, ya yi sakandare a Bakura, ya wuce jami'a ya karanta kemistiri, ilimin haɗa sinadarai. Ya dawo da sakamako mai kyau da kai cike da lissafi, aka ba shi koyarwa a wata makaranta a Mafara. Ɗakin gwaje-gwajen makarantar yana nan, da sunansa a rubuce a ƙofa. In ka buɗe, karyayyun bencina ne a jibge har rufi, da gidan zanzaro a bakin kowane famfo. Shekara da shekaru yana zana wa yara kwalba a allo, yana ce musu su ɗauka ruwan ciki ya koma ja.

Abin da ya tsaya masa a rai tun yana ɗalibi shi ne taki. Ya tashi yana jin mahaifinsa na kukan takin zamani kowace shekara, ko ya yi tsada, ko ya iso bayan shinkafa ta riga ta yi ja. Ranar da aka koya musu cewa yuriya daga iska ake samo ta, wannan iskar da kowa ke shaƙa kyauta, haushi ya hana shi cin abinci. Mafi yawan iska naitirojin ce, abincin shuka, sai dai ƙwayoyinta biyu-biyu suke a manne, sun ƙi rabuwa. Manyan masana'antu kaɗai ke iya raba su, da zafi mai tsanani da matsi mai tsanani, su yi amoniya, daga ita a yi taki. Kuɗin wannan wutar da ake ƙonawa a can, manomin Damaga ke biya a nan.

Wata shekara ya ci karo da sanarwa a wayarsa. Wata farfesa a wata jami'a can ƙasar sanyi za ta koyar da malaman Afirka kyauta ta intanet yadda ake gwada sinadarai a cikin kwamfuta, ba sai da ɗakin gwaji ba. Ya shiga da wata tsohuwar laftof ta hannu, wadda batirinta ba ya kai sallar la'asar in an caja shi da azahar. Mutane da yawa suka fara, aka yi ta zubewa, shi ya rage yana aika kowane aikin gida. Da farfesar ta duba inda yake zaune, sai ta kira shi da kanta.

Sunanta Farfesa Selina Kefas, kuma a Mafara aka haife ta. Mahaifinta akawu ne a ofishin noman rani a da, aka canja masa wurin aiki tana 'yar yarinya. Hausar da ta rage mata gaisuwa ce da sunayen abinci da zagin yara. Ta gaishe shi har da ina gajiya, ta tambaya ko har yanzu ana soya ƙosai a ƙarƙashin darbejiyar bakin asibiti, sannan ta koma Turanci ta ce masa tana son ya shiga tawagarta ta bincike. Ta gaya masa gaskiya tun ranar: ba albashi, ba alawus. Abin da za ta ba shi shi ne izinin shiga babbar na'urar jami'arsu daga nesa, da zaman tattaunawa ta bidiyo kowane mako. In aikin ya yi kyau har aka buga shi a mujallar masana, to da wannan za ta nema masa gurbin digirin digirgir a wajenta.

Muttaka ya yi murna irin wadda mutum ke yi shi kaɗai a ɗaki, ya tashi ya zauna, ya sake tashi. Matarsa Nusaiba ta leƙo ta tambaye shi ko ƙarin girma aka yi masa. Ya ce ya fi ƙarin girma. Ta tambayi nawa za a riƙa ba shi, ya ce ko sisi. Ta dube shi, ta koma kan kekenta na ɗinki.

Tawagar ba ta da yawa. Akwai wata 'yar Vietnam mai neman yadda za a mai da hayaƙin masana'antu ya zama mai, da wani ɗan Brazil mai fasa ruwa a fitar da iskar da za ta tuƙa mota, da wasu ɗalibai 'yan ƙasar. Kowa da abin da yake bi, amma sana'ar ɗaya ce: neman katalis. Shi Muttaka aka ba shi ɓangaren taki. Da ya je Damaga ya yi ƙoƙarin yi wa mahaifinsa bayani, suna zaune a zaure tsohon yana gyaran igiyar shanu.

"Baba, ka san dillali ga kasuwar Janbako. Mai saniya da mai saye ba su ko kallon juna, sai shi kama hannun wanga shi kama na wancan har a daidaita, sannan shi sake su shi biɗi wasu. To ga sinadarai ma akwai dillali, katalis sunanai. Muna biɗar wanda za shi raba iska a yi taki ba sai an ƙona wuta mai yawa ba."

"Kuma cikin wagga na'ura taka dillalin shike?"

"Cikinta muka gwada shi da lissahi, kahin wasu su ƙera shi."

Malam Hashimu ya ja igiya da haƙori ya tofar da zare. "To Allah shi sa dillalin naku ba irin na Janbako ba na. Waɗancan kowa sunka kama hannunai sai ya yi kuka."

Haka aikin yake. Muttaka zai jera ƙwayoyin ƙarfe a fuskar kwamfuta, ya cusa wani ma'adini a tsakaninsu, ya ɗora naitirojin a sama, ya aika wa babbar na'ura ta lissafa ko za ta rabu cikin sauƙi. Wani lissafin sai ya kwana biyu bai dawo ba, in ya dawo kuma ya ce a'a. Sai ya matsar da ƙwaya ɗaya ya sake aikawa. Bayan an tashi makaranta yana shagon cajin waya, a kan benci, tsakanin masu jiran wayoyinsu, yana ɗaga tasa sama yana neman sabis. Albashinsa ya riƙa tafiya a data. Bai damu ba, domin karon farko a rayuwarsa kemistiri yake yi da gaske.

Tawagar tana da shafi a intanet, inda ake jera hotunan mutanenta, kowa da sunansa da ɗan bayanin abin da yake bincike a kai. Farfesa ta ce ya aiko nasa. Ya ari kwat a wajen mataimakin shugaban makaranta, ya tafi shagon Sharhabilu mai hoto. Shi kuwa Sharhabilu ba ya barin hoto yadda Allah ya yi shi. Ya goge labulen da ke bayan Muttaka, ya liƙa wani dogon bene na gilashi, da itatuwa masu jan ganye, da wata baƙar mota a gefe. Muttaka ya gani, ya san ƙarya ce, ya yi shiru, don hoton ya yi kyau. Ita ma Farfesa ta ɗauka wani gini ne a Gusau. Bayan kwana kaɗan sai ga shi a shafin, tsakanin 'yar Vietnam da ɗan Brazil, sunansa cikakke, tambarin jami'ar a sama.

Ya buɗe shafin nan ya fi a ƙirga. Ba don girman kai ba. Mutumin da ya saba zana kwalba a allo ne ya ga sunansa a cikin masu yi, kuma wa zai ga laifinsa?

Kuskuren da ya yi shi ne nuna wa baffansa Balarabe. Balarabe ƙanen Malam Hashimu ne, yana da shagon iri da maganin feshi a kasuwar Mafara, kuma bakinsa ba ya riƙe komai, balle abin alfahari. Ya karɓi wayar ya kai aka buga masa shafin a babbar takarda, aka sa a firam, ya rataye shi daidai saman sikeli, inda duk mai sayen irin albasa sai ya ɗaga kai ya gani.

"Ɗan yayana na wanga," haka yake ce wa kowa. "Turawa sunka ɗauke shi aiki. Daga nan Mahwara shika tuƙa musu inji."

Kafin wata ya zagayo labarin ya yi ƙiba. Aka ce dala ake turo masa ta waya. Aka ce benen da ke bayansa ofishinsa ne. Aka ce tsohon babur ɗin da yake hawa ɓad-da-kama ne kawai. Muttaka ya gyara maganar sau ɗaya a majalisa, ya ce wallahi ba a biyansa. Aka yi dariya har da tafawa. A garin nan wa ya taɓa jin an yi wa Bature aiki kyauta? Wani ya dafa shi ya ce ya kwantar da hankalinsa, ba rance za a tambaye shi ba. Daga nan ya daina gyarawa. Gaskiya kuma, abin ya ɗan yi masa daɗi. Gaisuwar da ake masa ta ƙara tsawo, a wurin ɗaurin aure an fara matsa masa a kan tabarmar gaba. Sunan Mai Dala ya fito, ya riƙa amsawa da murmushi.

Abin da ba wanda ya tsaya ya tuna shi ne ranar Talata kasuwar Mafara ta kowa ce. Na Bakura na zuwa, na Maradun na zuwa, na ƙauyukan bakin daji na zuwa, kuma a cikinsu akwai masu saye da ido da kunne, su kai wa mutanen daji rahoto.

A shekara ta uku aikin ya fara amsawa. Wani jeri da ya gwada, ƙarfe mai ɗan tudu-tudu da wani ma'adini a gefen tudun, ya nuna a lissafi cewa naitirojin na saurin saki a kansa. Ya sake aikawa ta wata hanyar, amsar ta dawo daidai. A zaman bidiyo ɗan Brazil ya tafa masa. Farfesa ta ce kada ya yi saurin murna, lissafi ne kawai, tsakaninsa da buhun taki akwai tafiya mai nisa, amma ya isa a rubuta. Sunansa ne zai zo farko a takardar, domin a sana'arsu na farko shi ne mai aikin. Daga nan sai maganar gurbin karatu.

Ana cikin rubutun aka ɗauke Malam Hashimu. Bayan girbi ne, yana dawowa daga kasuwar Janbako da la'asar a motar haya, 'yan bindiga suka tare hanya suka kora fasinjojin cikin daji. Kwana biyu babu labari, sannan wayar tsohon ta kira Balarabe. Muttaka na wurin, aka buɗe murya kowa na ji.

"Kai na baffan Mai Dala?" in ji muryar. Muryar saurayi ce, ba fushi a cikinta, kamar mai cinikin akuya.

Muttaka ya karɓi wayar. Ya rantse da Allah shi malamin makaranta ne, albashin jiha yake ci, ba wanda ke turo masa komai daga waje.

"Malamin makaranta da kwat gaban gidan gilashi? Mun ga hoto, malam. Ka hwaɗa ma Turawanka tsohonka na wurinmu."

Sauran fasinjojin, danginsu suka sayar da ɗan abin da suke da shi aka sako su ɗaya bayan ɗaya. Na Malam Hashimu kuwa, kuɗin fansar da aka yanka ko rabin Damaga aka sayar ba zai haɗu ba.

Dangi suka taru a zauren Balarabe. Firam ɗin ya riga ya sauko, an kifa shi a bayan buhuna, kuma wanda ya rataye shi ɗin ne ya fi kowa ɗaga murya. Ya ce shi tun farko bai ga amfanin yaro ya riƙa baza hotonsa a duniya ba. Muttaka ya dube shi, maganar ta taso masa har wuya, ya haɗiye ta, don baffa ne. Manya suka yanke shawara: a goge duk wata alama da ke haɗa shi da waje, kuma kada ya kuskura ya gaya wa Turawan abin da ya faru. In suka ji za su yi surutu ko su aiko da taimako, kuma duk wanda suka yi, ya tabbatar wa mutanen daji zancensu ke nan.

Ya rubuta wa Farfesa layi biyu, ya ce ta cire sunansa da hotonsa daga shafin yau, kuma ba zai ƙara zuwa zama ba. Ta tambayi dalili. Ta tambaya ko wani ne ya ɓata masa rai. Ta kira, ya zuba wa wayar ido har ta katse. Washegari ya buɗe shafin, ya ga 'yar Vietnam da ɗan Brazil sun matso kusa da juna, ba ko gurbi a tsakaninsu. Ya ji kunyar kansa da abin ya yi masa ciwo, alhali mahaifinsa na ɗaure a daji, amma ya yi masa ciwon.

Aka shiga watanni ana kai-kawo ta hannun masu shiga tsakani. Sai da mutanen dajin suka gaji da jiran dalar da ba ta zo ba, sannan suka sauko. Ko da suka sauko ɗin, shanun noma sun tafi, keken Nusaiba ya tafi, babur ya tafi, filin Bakolori ma ya tafi. Wani ɗan kasuwa ya saye shi da arahar da ake sayen kayan wanda aka san ba shi da zaɓi. Wato filin da Muttaka ya yi shekaru yana nema wa taki mai sauƙi, a kan aikin nasa aka rasa shi.

Aka kawo Malam Hashimu Mafara a kwance a bayan mota. Ƙafafunsa sun kumbura sun tsattsage, gemunsa ya yi fari fat, in aka rufe ƙofa da ƙarfi sai ya zabura. Aka sauke shi a gidan Muttaka don kusa da asibiti, Barira, yayar Muttaka, ta taho daga Damaga jinya. Tsohon bai taɓa ta da maganar hoto ba. Da ya zage shi, da Muttaka ya fi samun sauƙi.

Da ƙafar tsohon ta fara taka ƙasa, Muttaka ya tafi shagon caji ya kira Farfesa ya gaya mata komai. Sai ya ji tana kuka. Ta ce da Hausarta ta yara, "Sannu, sannu, Allah ya kiyaye." Ta ce ta yi zaton ya raina aikin ne, ta yi fushi da shi, yanzu tana neman gafara. Takardar tana nan, ba ta ba kowa ba. Ƙari a kan haka, ta riga ta kai maganarsa gaba tun kafin ya ɓace, kuma an amince: in takardar ta fita da sunansa, gurbin nasa ne, da kuɗin zama, da izinin ya taho da matarsa.

Ya dawo gida a ƙafa, bai ji nisan ba. Ya ji daɗi, daɗi na gaske, irin wanda ya ɗauka ya ƙare masa. A tsakar gida ya tarar da Barira tana shafa wa tsohon man zafi a ƙafa, Nusaiba na tankaɗe. Bai iya riƙewa ba, ya zauna ya zayyana musu.

Barira ba ta ɗago ba sai da ta gama ƙafar. Ita ce babba a ɗakinsu, ita ta goye shi, mijinta da 'ya'yanta duk suna Damaga.

"Muttaka, kan ƙarya sunka ɗauki Baba," ta ce. "In ta zama gaskiya hwa?"

"Yaya, wanga karo ba hoto. Mujallar masana ta, waɗanga mutane ba su karanta ta."

"Hoton ma ba su sunka karanta ba, Baffa Balarabe ya karanta musu. Kana cewa za ka hau jirgi da matarka, Mahwara ba ta ji ba? Ranar da kat tashi, kahin ka sauka an sani ga Janbako."

Ya ce to zai kwaso su, ya kama musu gida a Sakkwato ko Gusau.

"Wa da wa? Ni da ɗiyana, to. Mijina hwa, da uwatai? Ƙannen Baba da nasu ɗiya? Damaga za ka ɗauka ka aza ga kai? Kai ka tahi inda ba a iske ka. Mu muna nan, kuma hanyar guda ta, ita muka bi mu kai mara lahiya asibiti." Ta rufe kwalbar man. "Ban ce kana da laihi ba. Na san wahalar da kac ci ga wanga karatu. Amma yanzu ba mu da hilin da za mu sake saidawa."

Ya juya wajen mahaifinsa, yana jiran ko hani ko izini. Malam Hashimu ya daɗe yana kallon ƙafafunsa.

"Ni ban hana ka ba," ya ce.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma Muttaka ya san da hani ne da ya iya jayayya da shi.

Ya yi kwanaki yana neman ƙofa. Ya tambayi Farfesa ko za a sa haruffan farko na sunansa kawai. Ta bincika, aka ce dole marubuci ya bayyana da cikakken suna da inda yake, kuma masu ba da gurbin suna wallafa sunaye da hotunan waɗanda suka ɗauka. Ya tambaya ko za a jira shekara ɗaya ko biyu, ko Allah zai kawo sauƙin daji. Ta ce gurbin ba ya jira, kuma akwai wata tawagar a wata ƙasa da ke bin sawun wannan jerin, in aka tsaya su za su riga fitarwa. Ta ce ya yi tunani da kyau, irin wannan ba ta cika zuwa sau biyu ba. Ya ce ya sani. Sannan ya ce ta ba 'yar Vietnam ta ƙarasa, a cire shi gaba ɗaya.

Takardar ta fita bayan 'yan watanni. Ya karanta ta a ofishin malamai lokacin hutun tara, a kan wayarsa mai fasasshen gilashi. Zanen jerin nan yana shafi na biyu, yadda ya jera shi a kan bencin shagon caji, ƙwaya bayan ƙwaya. A can ƙarshe, cikin ƙananan haruffa, an gode wa wani abokin aiki da ya nemi a sakaya sunansa. Abin da ya fi cin rai shi ne ba wanda zai riƙe a zuci a cikinsu. Farfesa ta yi iyakar yinta, 'yar Vietnam ta rubuto masa tana ba shi haƙuri kamar ita ta yi laifin. Ba wanda ya sace masa komai. Da hannunsa ya miƙa, don wasu jahilai masu bindiga sun ga benen da Sharhabilu ya liƙa.

Da damina ta matso, Malam Hashimu ya ce zai koma gida, gonar bayan gari ba za ta share kanta ba. Aka yi ta lallashi ya ƙi. Muttaka ya raka shi tasha da safe, yana riƙe da ledar magungunansa, Barira na biye da ƙullin kaya. Motar Maradun ta kusa cika. Akwai mata da buhunan gishiri, da wasu samari biyu da ba wanda ya san su, da masu jira a tsaye suna kallon kowa. Direban ya san tsohon, ya zo ya durƙusa ya yi masa barka da arziki, aka yi doguwar gaisuwa. Sannan ya ɗaga kai ya dubi Muttaka.

"Baba, wanga na ɗan naka da ka aiki da Turawa?"

Tashar ba ta yi shiru ba, amma Muttaka ya ji kunnuwa sun juyo. Malam Hashimu, wanda tun dawowarsa sai an matso ake jin maganarsa, ya buɗe murya yadda har na kujerar baya za su ji.

"Wane Turawa? Ƙarya ta mutane. Malamin makaranta na, ko babur bai da. Hoto ɗai yaj je anka yi mai ga mai hoto, don shi burge mutane. Karatun ma bai kai ko'ina ba, sun gwada shi sunka ga bai iya ba, sunka kore shi." Ya juyo ya dubi ɗansa, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Ko ba haka ba, Muttaka? Hwaɗa musu."

Muttaka ya dubi direban, ya dubi samarin nan biyu, ya dubi Barira da ta sunkuyar da kai tana gyara ƙullin da ba abin da ya same shi.

"Haka na," ya ce. "Ban iya ba."

Wani a cikin motar ya yi 'yar dariya. Direban ya ce Allah ya rufa asiri, ya zagaya ya ta da mota. Muttaka ya miƙa wa mahaifinsa ledar magani ta taga, tsohon ya karɓa ya haɗa da hannunsa ya riƙe, bai saki ba har sai da motar ta fara tafiya.